Igiyar Wajen Kai

Zuwa ga ƙanwata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da sanyin Kanada. Allah ya ƙara miki ƙarfin ƙafa. Mu nan Peterhead lafiya lau, sai gwiwa da ta hana ni sauka tashar jiragen ruwa, sai kuma takaicin 'ya'ya.

Kin san ra'ayina tun ina fita kamun kifi: Sikotland ta tsaya da ƙafarta, ba Landan, ba Turai. A wurina su biyun ne suka raba ruwanmu har na rasa jirgina. To, ranar jana'izar maƙwabcinmu Dougal, ɗana Ruaridh ya zo da alamar neman 'yanci a ƙirji. Har na ji sanyi a raina, ina matsowa sai ga taurarin Tarayyar Turai kewaye da ita! Wai shi ɗan Sikotland ne kuma ɗan Turai, so yake mu bar Birtaniya don mu koma ƙungiyar. Na ce masa wannan canjin ubangida ne kawai. Ya yi dariya, wai tsoho ya manta Faransawa ne ke sayen kifin. A gaban mutane, Ishbel, a maƙabarta!

Kin san al'adarmu, dangi ne ke riƙe igiyoyi takwas su sauke akwatin gawa cikin kabari. Daga nan na wuce wurin mai shirya jana'iza, na ce ranar da za a sauke akwatina, kada a ba Ruaridh igiyar wajen kai, ko da yake ta babban ɗa ce. Ya ce to a ba 'yata Catriona. Wadda ta rataya tutar Birtaniya a tagarta? Ko ta wajen ƙafa ba za ta taɓa ba. Muka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wannan na Turai, wancan na Landan. Igiya takwas, mutum biyu na samu, ɗaya ma hannunsa rawa yake yi. Mutumin ya ce a haka da ka zan faɗa ramin.

Shi ya sa na rubuto. In lokacin ya yi, ki turo ɗanki Torquil ya riƙe ta kai. Amma ki fara tambayarsa shi ɗan ina ne. In ya kawo zancen ƙungiyar ƙasashen rainon Ingila, ya yi zamansa, gara in faɗa ramin da ka.

Ki gaida Torquil da matarsa Fenella. Ruaridh ya kawo mini miyar kifi jiya. Na shanye, amma ban kula shi ba.

Yayanki,
Murdo