Labarin Ya Ƙare, Ni Ban Daina Ba

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Falmata da yara? Mu nan Gashua lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka ce da zarar labarin wasan nan na intanet ya ƙare, kowa zai daina biyan kuɗin wata kamar yadda ka daina. To, ya ƙare, mun kashe sarkin aljanun cikin wasan tun kafin azumi. Ranar Asabar mai shagon kwamfutar da nake wasan a ciki ya ce zai goge shi daga kwamfutocinsa, wai, "Malam Abba, me ya rage kuma?"

Na ce, "Mutane suka rage, Alhaji. Shekara biyu muna yaƙi tare da mutum shida da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Da Baba ya rasu, ƙin shiga kogon ƙarshe suka yi sai da na dawo."

Duk da haka ya goge. Washegari na hau mota zuwa Nguru, na sami wani shagon mai wasan, na shiga na haɗu da mutanena. Duk mako zan riƙa zuwa, ko ka yi dariya ko ka bari.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Kawu Modu da iyalinsa.

Ƙaninka,
Abba