Rafin Kanya a Jikin Bango

Agege, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Ɗanbaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Tun da aka katse layin waya a wajenku na rasa hanyar samun ka, shi ya sa na ba Mato direban motar albasa wannan takarda.

Kawu, jikin Inna ya ƙi. Tana ci tana sha, amma mantuwa ta cinye ta. Ni da ta haifa, jiya tambaya ta take 'yar gidan wa ce ni. Garinku Rafin Kanya kaɗai ba ta manta ba. Da an ɗauke ido sai ta ɗauki ƙullinta ta fice, wai za ta gida. Ranar Talata a kan layin dogo wata Bayarabiya mai burodi ta fizgo ta, jirgi na tahowa. Yaya Saminu ya rantse zai sa wa ɗakinta kwaɗo. Uwar da ta haife mu, Kawu, a kulle kamar akuya!

Na roƙe shi wata guda. Na samo ragowar fenti wajen masu gyaran motocin hayan nan, danfo, na fara zana mata garin a bangon tsakar gida, ko idan tana ganin sa ta zauna. To ni zanen lalle kawai na iya, kuma ban taɓa taka garin ba. Yau na ja baya na dubi aikin, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ƙasar ta fito rawaya sak jikin danfo, bishiyoyin kuwa furen lallen amarya. Inna ta wuce ko kallo bai ishe ta ba.

Don Allah ka kwatanta mini garin, ko ka zo ka tafi da yayarka gida.

'Yarka,
Laila

10 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Laila,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na kuma fahimta. Allah ya ba Yaya lafiya, ya yi miki albarka.

Batun kawo ta, a dakata tukuna. Hanya ba ta da kyau.

Game da gari, idan mutum ya tsaya a ƙofar gidanmu ya fuskanci gabas, dutse ne a hagunsa, baƙi, mai tsaga a tsakiya. Kanyar tana bakin rafi, ta karkata kan ruwa. Ƙasarmu ja ce. Rumbuna uku ne, na tsakiya ya fi tsawo. Rijiya tana bayan masallaci.

Ina jan kunnenki da abu ɗaya: ban da mai rai. Kada ki zana mutum ko dabba, kin san hukuncinsa.

Ki gaida Saminu, ki ce ya ji tsoron Allah.

Kawunki,
Ɗanbaba

Agege, 19 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, hankalina ba ya jikina.

Na bi maganarka. Na daka jan bulo na cuɗa a fenti, ƙasa ta yi ja. Sau huɗu ina goge kanyar kafin ta yi kama da itace. Rafin dai har yanzu kwatar Agege yake tuna mini, amma dutsen ya fito, wallahi ya fito.

Ranar Lahadi Inna ta tsaya. Ta shafa dutsen, ta nuna rumbun tsakiya ta ce, "Ga rumbun Baba." Na ji kamar in yi guɗa. Sai ta fara bin bangon da ido, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce, "Ina mutanen? Ko kaza babu. Me ya same su?" Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka.

Washegari da hantsi a tashar mota muka tsinto ta, tana riƙe da rigar kwandasta, wai ya kai ta ta duba 'yan'uwanta. Yaya Saminu ya sayo kwaɗon. Na so in kwantar mata da hankali, na ƙara tayar mata da shi.

Sau biyu ina ɗaukar buroshi in zana mace a bakin rijiya, ina ajiyewa. Ko ka ce in zana, zunubin a kaina, ko ka bari mu kawo ta ta ga mutane da idonta. Tsoro nake ji, Kawu.

Laila

Gusau, 26 ga Oktoba

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na ɓoye miki, yanzu ba zan iya ba.

Babu kowa a Rafin Kanya. Tun farkon damina 'yan bindiga suka tashe mu. A wata makaranta nake kwana a nan. Matata Mariamu ba ta kai ga fitowa ba, a bayan rumbunan nan muka rufe ta.

Abin da kika zana shi ne garin yadda yake a yau. Ba ki yi kuskure ba. Izinin zana mai rai kuwa ba ni da shi balle in ba ki. Kada Yaya ta ji wannan.

Allah ya dube mu.

Ɗanbaba

Agege, 2 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna Mariamu, ya ba ka haƙuri.

Ban zana mai rai ba. Toka na kwaɓa da farin fenti, na fitar da hayaƙi siriri daga bayan dangar gidanku. Da Inna ta gani ta ajiye ƙullinta ta ce, "Ashe suna ciki. Mariamu ta ɗora tukunya." Ta jawo tabarma.

Kwana biyar ke nan ba ta nufi ƙofa ba. Da yamma nakan tuƙa tuwo in kawo mata in ce daga gida aka aiko, tana cinyewa. Jiya ta ce in faɗa wa Mariamu har yanzu tana cika gishiri. Na ce zan faɗa.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Laila