Talotalon Roba a Lambun Wakena

Daga: Uwargida Opaline Ruddick,
Gida na ƙarshe, Hanyar Rafin Sorrel, Missouri.
Litinin, 25 ga Afrilu, 2011.

Zuwa ga: Mai girma Lyman Prewitt,
Jami'in Kula da Farauta na Gundumar Sorrel.

Game da: Harbina da aka yi saboda talotalon roba, da roƙon a zo a ɗauke shi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce wadda sunanta ke sama, shekaruna saba'in da takwas, matar marigayi Harlan Ruddick. Mahaifiyarka ta san ni, benci ɗaya muke zama a coci. A gafarce ni idan rubutun ya karkace, a zaune a ƙasa nake yin sa. Ga ƙorafina.

1. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk watan Afrilu ina shiga dajin da ke bayan gonata tsintar laimar kwaɗi, irin wadda muke soyawa da man shanu. Ranar Litinin 18 ga wata, ranar da aka buɗe farautar talotalo, na tarar da talotalon roba guda uku a kafe cikin filina, mata biyu da namiji ɗaya mai jan kai, irin waɗanda mafarauta ke kafawa don su yaudari talotalo na gaske. Na maƙwabcina Delbert Hatcher ne. Ya tsallako wayar shinge ya kafa su bai tambaye ni ba, kuma ya kafa su ta yadda duk wanda ya harbe su, hanyar da nake bi ya harba. Wannan Delbert, matarsa Nadine da bakinta ta faɗa a wurin gyaran gashi cewa tun Fabrairu yake kulle kansa a banɗaki yana koyon kukan macen talotalo. Ba gulma na kawo ba, don a san irin mutumin ne.

2. Ranar Laraba 20 ga wata na cire namijin. Ba sata na yi ba, a filina na tsince shi. Na dai so in ga fuskar Delbert in ya zo ya tarar an raba matan da mijinsu. Na saɓa shi a kafaɗa, jan kan nan yana leƙe ta saman hulata, na kama hanya ta cikin ƙananan itatuwa. Yanzu kowa yana gaya mini ai a buhu ake saka shi, ba a yawo da shi a buɗe. Kafin Laraba babu wanda ya gaya mini.

3. Da misalin ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe aka sakar mini bindiga. Yallaɓai, na zube ruf da ciki cikin ganye, ina jin ƙwayoyin dalma suna zubowa daga rassa. Na ƙirga huda bakwai a bokitina, sha ɗaya a wuyan robar, ɗaya a gefen hulata. Hular tana nan, ban wanke ta ba. Na fi rabin awa a kwance ban ko yi tari ba, don ban san ko zai ƙara ba.

4. Ban ga fuskar mai harbin ba, amma na ji gudunsa, na kuma ji tarin motarsa. Mota ɗaya ce ke wannan tarin a duk Rafin Sorrel, ta Virgil Stroup, yayan Nadine, wanda ba ya sa tabarau don kada a ce ya tsufa. Jiya, ranar bikin Ista, ya kasa haɗa ido da ni a coci, da yamma kuma sai ga shi da kek ɗin tuffa a ƙofata. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa ba ni ko ruwa ba.

5. Wannan shi ne babban. Da na iso gida ran nan, haushi ya sa na kafa robar a lambun wakena, taku goma sha biyu daga tagar kicin, don Delbert ya riƙa hangowa daga hanya. Tun ranar Juma'a wani ƙaton namijin talotalo na gaske yake fitowa daga daji da hantsi, ya baza jela, ya hau robar da duka. Shi kuwa mafarauta na biye da shi. Ina jin kiransu, kuma na san bambancin kukan tsuntsu da na ƙato mai goga ɗan akwatin katako. Ranar Juma'a kiran yana can ƙasan rafi. Yau da safe yana gindin shingena. Duk wanda ya saita tsuntsun nan daga can, tagata ce a bayansa. A zaune a ƙasa nake dafa kofi. Wankina na kan igiya kwana uku. Sau biyu na buɗe ƙofa zan je in cire abin, na sake rufewa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka:

A zo a ɗauke robar nan gobe, da buhu, kuma da motar hukuma mai tambari. Ka yi ta danna hon tun daga gada, kada ka sa komai ja a kanka. A umarci Delbert Hatcher ya kwashe sauran biyun daga filina. A duba idon Virgil Stroup kafin a bar shi ya sake riƙe bindiga. Idan ɗaukar robar laifi ne, na amsa, a rufe ni har a gama farauta ranar 8 ga Mayu. Na ji an ce bangon can yana da kauri.

Na ƙarshe, a kafa allon hana harbi a wurin da nake tsinta. Na san sai na nuna maka wurin kafin ka kafa. Wurin sirrina ne: Harlan ya yi shekara talatin yana lallashina in nuna masa, ya rasu bai san shi ba. Zan kai ka da ƙafata. Abin da kawai nake roƙo, kada Nadine ta ji.

Ina jira a ƙasan tagar kicin, da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,
Opaline Ruddick (Uwargida)