Tafiya Kochi Ba Kwali

Daren Alhamis, Al Rigga

Bizar Indiya ta fito yau, tawa da ta matata Maimuna. Alhamdulillah. Likitan idonta na Kochi ya ce dubawa ce kawai wannan karon, don haka za mu samu sarari.

Da rana na leƙa shagon Suresh, maƙwabcina a kasuwar Al Sabkha, tunda ɗan can ne. Ya ajiye yadin da yake aunawa ya buɗe mini hotuna a waya. Ga duwatsun Munnar, ganyen shayi ya lulluɓe su shar har cikin gajimare. Ga jiragen ruwan Alappuzha masu ɗaki da gado, ana soya maka kifi kana ratsa bishiyoyin kwakwa. Ni kuwa sai bakina ya riga ni: "Shayin nan nawa suke ba da kwali? Akwai kargo zuwa Kano?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Habibi, kallo ake zuwa yi. Khalas, shi ke nan."

Da na kira gida na ba Maimuna labari, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Alhaji, duk ƙasar da ka je, a kwali nake ganinta. Yanzu da idona ya washe, ina so in ga duwatsun nan da kaina, kana gefena, ba kana ciniki ba."

Gaskiyarta.

Na zaro jakunkunan gana-mas-go daga akwati na tura ƙarƙashin gado. Ɗaya na bari saboda tsarabar yara. Ita za ta cika ta, ni kuma na yi alkawari ba zan tambayi farashin sari ba.