Ranar Da Na Karɓe Jaririyata A Hannunki

Assalamu alaikum, Yaya Rabi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Sani da iyalinsa a can Kano, ƙanwarki ce Mariyama daga Mallawa. Wata bakwai ke nan ina kiran wayarki ba kya ɗauka. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta, tunda a gaban mutane na yi miki laifin.

Kin san yadda ake kallonki a Magariya a da. In kin zauna a shagonki na atamfa kin cika kujera, mata su ce Hajiya Rabi ta ji daɗin duniya. Ba su san a zaune kike sallah ba. Ga sukari, ga tansiyo, wato hawan jini, ga kitse a jini, jakarki kullum cike da ƙwayoyin magani. Ranar da kika faɗi a bakin kasuwa aka wuce da ke asibitin Damagaram, na ɗauka mun rasa ki yadda muka rasa Inna.

Da kika samu sauƙi sai kika ce za ki Misira sarin kaya. Kin yi wata biyu. Tun da kika dawo kika fara zubewa, fatar damtsenki ta saki, gashinki yana bin mataji. In na tambaya sai ki ce, "Lafiyata lau, Mariyama."

Sai ga sunan autata, wadda na sa wa sunanki. Aka kawo shinkafa, kika yi loma uku, kika zagaya bayan ɗaki kika yi amai. Mata suka kalli juna. Uwar mijina ta raɗa mini, "Wannan ramar ba ta banza ba ce. Mai yawon ƙasashe? Ki kula da 'yarki." Ba ta ambaci sida ba, wato ƙanjamau, amma kowa ya gane.

Kika dawo kika ɗauki takwararki kina yi mata wasa. Na zo na karɓe ta, na ce nono za ta sha, alhali ko motsi ba ta yi ba. Kika dube ni kika ce, "Har da ke?" Kika yafa mayafinki kika hau kabu-kabu.

Yaya, ni malamar lakwal ce, mai koyar da yara a aji. Na san ba a ɗaukar wannan ciwo ta riƙon jariri. Kuma ko da shi ne gare ki, ai lokacin ne ya kamata in matso kusa da ke. Bakin mata na ji tsoro.

Da damina 'yarki Nana ta zo ta faɗa mini gaskiya tana kuka. Aikin fiɗa aka yi miki a Misira, aka rage miki tumbi, don lokotoron da ke duba ki ya ce magani ya daina riƙe sukarin, ƙodarki na cikin haɗari. Kin ɓoye ne kar a ce kin yanke halittar Allah don neman kyau. Ta ce sukarin ya sauka, kin bar allura, kina sallah a tsaye. Amma cinki bai wuce na yaron goye ba, jininki yana yawan yin ƙasa, maganin ƙarin jini kuma har ƙarshen rai. Ta ce bayan sunan nan masu saye suka ƙaurace miki, har kika rufe shago kika bar gari, kika koma Kano wajen Sani.

Jama'ar Magariya da Mallawa, ga abin da ya ramar da Hajiya Rabi.

Akwai sauran magana, Yaya. Watan jiya jiri ya kwashe ni a gaban allo. Na je gidan likita aka ɗebi jinina, aka auna ƙuguna da igiyar awo. Sukari, tansiyo, kitse, duk abin da ke gare ki. Lokotoro ya ce tushensu ɗaya. Ya ce in fara da magani da tafiyar ƙasa da rage tuwo, aikin fiɗar ba na kowa ba ne, amma in abin ya ƙi za mu yi maganarsa.

Ina tsoron wuƙa. Ina tsoron in ƙare kamar Inna, da sukari ya bari da ƙafa ɗaya. Ba ni da wanda zan tambaya yadda abin yake sai ke. Na sha tambayar kaina, da ban kamu ba, da na yi ƙarfin halin rubuta wannan? Wallahi ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba.

Ki yafe mini ko kada ki yafe, in an yi hutu zan shigo motar Kano. In kin ƙi ganina, zan gaishe ki daga bakin ƙofa in juya.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa aikin nan ya zame miki waraka. Allah Ya jiƙan Inna. Allah Ya sanyaya zuciyarki a kaina.

Taki ƙanwa mai jin kunyarki,
Mariyama