Kwamfutar Baban Fadila Ta Ce Ba Ni da Izini

Daura, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan alhamdu lillahi, takaba tana tafiya, Fadila ma kalau. Wayarku ta can garin Babban Mutum ba ta shiga sai an yi dace, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, na gaji. Kin tuna kwamfutar da Baban Fadila, Allah ya jiƙansa, yake haɗa bidiyon biki da ita? Ina tsaka da karɓar gaisuwa wansa Malam Ɗantsoho ya sa aka ɗauke ta, wai a wanke ta kafin rabon gado don ta yi kyan gani. Sai ka ce kwano! Ya kai wa wani mai gyaran waya a bakin tasha, aka goge manhajarta aka sa sabuwa. Ko tambayata bai yi ba.

Da aka dawo da ita na kunna. Ga ayyukanmu nan reras, kowane biki da sunansa. Amma duk wanda na taɓa sai ta ce ba ni da izini. Ni Talatu, da na ɗauki rabinsu da hannuna, tun da aka hana maza shiga taron mata ya koya mini riƙe kyamara!

Ba bikin mutane ne ya dame ni ba. Kin san shi, kullum yana bayan kyamara, ko hoton kirki bai bari ba. Sau ɗaya tak na ɗauke shi, ranar da yake koya mini, na juyo da ita kansa yana dariya yana kare fuska. Bidiyon yana cikin wata folda da ya sa wa suna Gida. Shi nake so in fitar wa Fadila, don yarinyar ta fara tambayata kamanninsa. An sa rabon gadon Juma'a ta sama, kwamfutar kuma sayar da ita za a yi.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Talatu

Daura, ranar Laraba

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙon kuka da daddawa, Allah ya saka da alheri.

Na aika wa Okafor, mai shagon kwamfuta na kusa da kasuwa, wanda marigayi ke sayen faifai a wurinsa. Mutumin kirki, har gaisuwa ya zo. Ya ce a kai masa ita shago, na ƙi. Cikinta akwai matan mutane a wajen kamu, ba mayafi, suna ta rawa. Amana ce, ba za a buɗe ta gaban maza ba. Ni ba na fita, shi ba ya shigowa. Ƙarshe dai ya zauna a zaure, matarsa Adaolisa ta shigo ɗakina, yana faɗa mata abin yi ta waya.

Da kin gan mu da kin yi dariya, ko da yake ni ban yi ba. Shi yana can yana ɗaga murya da Inyamuranci har muna jiyo shi ba ta waya ba, ita tana juya mini da Hausarta, ni ina riƙe da linzamin kwamfutar ina dannawa. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Muka zauna jiranta, Adaolisa tana yi wa Fadila kitso, har la'asar. Okafor ya tafi da matarsa, washegari suka dawo.

Ga abin da na gane. Ita kwamfuta kowane fayil tana rubuta mai shi. Da aka goge ta, sunan Baban Fadila ya tafi, sai ta ɗauke ni baƙuwa. Da muka buɗe wurin da ake ganin mai abu, wallahi Yaya, ba sunansa, sai wasu dogayen lambobi. Okafor ya ce in shiga a matsayin mai iko da na'urar, in cire lambobin in sa sunana, in kuma danna wani ɗan akwati don abin ya ratsa duk foldodin da ke ƙasa. Na daɗe ban danna ba. Adaolisa ba ta matsa mini ba, hannu kawai ta ɗora a kafaɗata. Na danna, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Ta ɗauki lokaci tana aiki, sannan suka fara buɗewa. Bikin Sandamu, sunan gidan Alhaji Hamma, saukar 'yan Islamiyya, duk ga su. A wasu ina jin muryarsa yana ce wa mutane su matso su kalli nan. Amma abin da ke cikin Gida ya ƙi buɗewa. Sunayen da ke cikinta ma koraye ne, ba baƙaƙe ba kamar sauran. Adaolisa ta faɗa wa mijinta haka. Ya ce zai tambayi wani ubangidansa a Kano.

Kaina ciwo yake, bari in tsaya haka. A gaida yara.

Taki,
Talatu

Daura, ranar Asabar

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Kada ki tayar da hankalinki ki ce za ki zo, an gama komai.

Amsar Kano ta zo. Ashe Baban Fadila kulle na daban ya yi wa wannan folda, saboda masu biki suna zama kusa da shi in yana aiki, ba ya son idon wani ya faɗa kan hotunan iyalinsa. Mabuɗin kullen yana cikin tsohuwar manhajar da aka goge. Okafor ya ce ko sunana yana kan fayil ɗin, ba mai iya buɗe shi, ko shi ko na Kanon. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Malam Ɗantsoho da ya ji, cewa ya yi ai hoto ba ya ƙara wa mamaci komai, addu'a ce kawai. Gaskiya ya faɗa, amma da na buɗe baki ba alheri zai fito ba.

Bidiyon mutane na sa Adaolisa ta kwafa a faifai, za a mayar wa kowace amarya nata. Jiya bayan sallar Juma'a malamin rabo ya zo. Na aika daga bayan labule cewa ina roƙon a cire rumbun kwamfutar, wani ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki wanda komai ke ciki, a sa shi a tumunina. Malam ya tambayi amfaninsa, Okafor da ke wajen ya ce in ba za a goge shi ba, ba shi da wani amfani. Aka yi ta kallon-kallo, na ji wani yana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ba wanda ya ja, aka ba ni. Sauran kwamfutar sun tafi da ita.

Na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan akwati. Fadila tana tsaye tana kallona, ta tambaye ni ko Babanta yana ciki. Na ce mata yana ciki. Ta ce in buɗe ta gan shi, na ce ba yau ba. Yaya, da safen nan ma ta sake tambaya, kuma ban san ranar da zan daina ce mata ba yau ba.

Ki gaida maigida. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu.

Ƙanwarki,
Talatu