Bencin Ƙofar Likita

Zuwa ga Khairiyya, sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan dutsen da ya sha rana, kurciyar da kukanta ke tashina da safe. Sallama irin ta mai kewa, tare da gaisuwa ga Inna.

Tun da kika koma Roni jinya wajen Inna, gidan nan ya zama kango. Ni Zaharadeen, da na fara da tura baro a kasuwar Gwiwa har na kafa gidan bulo nawa na kaina, ban saba roƙon kowa ba. Yau ga ni ina roƙo, kuma abin haushin, kishi ne ya durƙusar da ni.

Kin san yadda na yi da ciwon damuwa ya kwantar da ke. Ba ci, ba barci, jini ya hau, kai kamar zai tsage. Wace kaza ce ban sa an gasa ba? Wace zuma, wane kindirmo ne ban aika an nemo ba? Kika kalle su kamar tsakuwa. Sai ga Likita Nathaniel da 'yar ƙwayarsa kamar tsabar dawa, ya ce damuwa da hawan jini 'yan ɗaki ɗaya ne, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa, sai an haɗa magani da zama a yi magana. Aka shigar da ke ofishinsa a asibiti, aka ja ƙofa, aka bar ni a benci. Can sai na jiyo dariyarki.

Khairiyya, dariyar nan tawa ce! Ni na fara jin ta, ranar da ruwa ya kama mu a bakin dam ɗin Kazaure, laka ta cinye takalminki, kika tako har mota kina ɗingishi kina tsokanata. Wata da watanni ina nemanta kamar mai haƙa rijiya a kan fa, sai wani baƙo ya same ta daga zaune? Me kika faɗa masa da kunnena ba zai iya ɗauka ba? Wace kalma ya karanto a jami'a da ni ban da ita?

Shi ya sa na ɗaure fuska a hanya, na ce tun da an sami mai sa ki dariya, ni kuma me ya rage mini. Yanzu Inna ta kira ni, ta ce kin ajiye ƙwayar, kin ƙi komawa asibiti, wai ba kya son ɓacin raina. Ta ce barcin ya sake gudu, ciwon kan ya dawo.

Ki koma, hasken raina. Ba zan yi miki ƙarya ba, kishin yana nan daram, bai ragu ko ƙwaya ba. Amma gara ni in ƙone a benci ke kina tohowa, da in sha iska kina bushewa. Ki sha maganin. Ki faɗa masa duk abin da ke cin ki, ko da sunana ne a ciki. Ranar ganin likita ni zan zo in ɗauke ki, ba ɗan aike ba.

Sharaɗina ɗaya: ki gaya wa ma'aikaciyar nan mai kiran sunaye ta daina ce mini direba.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,
mijinki, Zaharadeen.